Labarin Ancau da Takalafiya

Galibin garuruwan ƙasar Hausa, in aka tambayi tsofaffinsu asalin kafuwarsu, labarin da za su bayar kusan iri ɗaya ne. Wani maharbi ne ya sauka gindin tsamiya ko kuka, ko kuwa wani malami ya zo da almajiransa ya ga ruwa kusa ya kafa bukka. Daga nan wannan ya zo ya raɓa, wancan ya zo ya raɓa, har wuri ya zama gari. Ba wanda ya auna hanya, ba wanda ya ce ga inda kasuwa za ta zauna. Ƙafa ce ta ke fid da hanya, gida kuwa inda ya sami fili nan ya ke miƙewa. Amma akwai wani gari a gabashin ƙasar Zazzau wanda labarinsa ya saɓa da wannan, gama shi sai da aka zana shi a takarda, aka auna shi da igiya da turaku, tukuna aka kwaɓa ƙasar tubalinsa na fari. Sunansa Takalafiya, yana dab da tsohon garin Ancau, cikin ƙaramar hukumar Kubau ta Jihar Kaduna. Sanadin kafa shi kuwa ƙuda ne.

Ba za a gane wannan magana ba sai an san yadda Ancau ta ke tun kafin zuwan Turawa. A ƙarni na 19 gabashin Zazzau ba wurin sakin jiki ba ne. Ningawa su kan sauko daga duwatsunsu su kai hari kudancin Kano da gabashin Zazzau, su kwashi mutane da dabbobi, ban da sauran mahara masu neman bayi. Saboda haka duk wanda ya ke so ya kwana da iyalinsa ya tashi da su, tilas ya shiga bayan ganuwa. Ganuwa kuwa ba ta miƙewa kamar fata. Da zarar an kewaye gari an tsai da ƙofofi, to, iyakar filin ke nan, ko da mutane sun yi ninki biyu. Ɗa ya yi aure a yanka masa gefen tsakar gida, ƙane ya yi aure a toshe wani lungu, har ya zamana hanyar da jaki ya ke bi da mangalarsa a da, yanzu sai mutum ya karkata kafaɗa kafin ya wuce.

Ga kuma kududdufai. Ginin ƙasa, ƙasa ya ke ci, kowane ɗaki da aka tayar akwai ramin da ya bari a wani wuri. Da damina ramukan su cika su zama matattarar sauro da shara, nan yara ke wanka, nan a ke wanki, nan dabbobi ke sha. Rijiya tana tsakar gida, salga taku kaɗan daga gare ta, ta maƙwabci kuma tana bayan danga. Da rani in wuta ta kama jinka guda iskar hunturu ta ɗauke ta, sai unguwa ta tashi. Sa'ad da ma'aikatan lafiya suka ƙidaya mutanen Ancau, sun sami kimanin 2,500 cikin filin da bai kai kashi ɗaya cikin takwas na murabba'in mil ba. In aka buga lissafi, fiye da mutum 20,000 ke nan a murabba'in mil guda, irin cunkoson manyan biranen Turai, ga shi kuwa a garin da daji ya kewaye ta kowace fuska. Kada mai karatu ya ɗauka wauta ce ta kawo haka. Mutanen da suka zaɓi matsin cikin ganuwa a kan igiyar mahara a wuya sun san abin da su ke yi.

Turawan Ingila suka shiga Zariya cikin 1902, Kano da Sakkwato suka bi baya cikin 1903, hari ya ƙare. Wanda gonarsa ke nesa ya ga ba dalilin ya riƙa tafiyar safe da maraice, ya je ya kafa bukka a gonar. Ƙananan ƙauyuka suka ɓullo ko'ina, nan gida uku, can gida biyar, kusan kowanne a bakin rafi, domin ba mai iya haƙa rijiya mai zurfi shi kaɗai. Fatake suka yawaita a hanya, 'yan ƙodago suka riƙa zuwa haƙar kuza da aikin hanyar jirgi suna komowa gida. Duk wannan alheri ne. Amma a bakin rafin nan akwai mai jira.

Ƙudan tsando bai ɗara ƙudan gida girma da yawa ba, in ya sauka ya kan haɗa fikafikansa ɗaya bisa ɗaya kamar almakashi. Namiji da mace duka jini su ke sha, ba su da wani abinci. Irin da ke damun mutane a wannan yanki ba ya iya zama a fili, rana da busasshiyar iska suna kashe shi, don haka ba ya rabuwa da duhuwar kurmi da sarƙaƙiyar bakin rafi inda akwai inuwa da laima. Haihuwarsa ma abin mamaki ce. Ba ya zuba ƙwai barkatai kamar sauro. Macen ta kan riƙe ɗa guda a cikinta har ya girma, ta haife shi tsutsa a ƙasa mai taushi cikin inuwa, wajen kowane kwana 10, tsutsar ta nutse, bayan kamar wata guda ta fito ƙuda. In ya ciji mai ciwon barci ya kwashi ƙwayar cutar, bayan 'yan makonni sai ya riƙa sa wa waɗanda ya ciza. Da rani, sa'ad da rafi ya janye ya rage 'yan gurabe, dole mutum da ƙuda su haɗu wuri guda: mace ta zo ɗiban ruwa, yaro ya zo wanka, manomi ya zo ban ruwa a fadama. Ƙuda kaɗan sun isa su gama da ƙauye.

Ciwon ya kan fara da zazzaɓi da ciwon kai da kaluluwa a bayan wuya, abin da ba mai kulawa da shi. Ya kan yi wata da watanni, har shekara biyu ko uku, kafin ya kai ga ƙwaƙwalwa. Sa'an nan mutum ya rikice, ya yi ta gyangyaɗi da rana ya kasa barci da dare, ya rame, har a iske barci ya kwashe shi da loma a hannu. In ba magani ƙarshensa mutuwa. Tun 1903 likitoci a Uganda, David Bruce da abokan aikinsa, suka tabbatar tsando ne ke ɗaukar cutar. Can dabarar da Gwamna Hesketh Bell ya yi ita ce ya kwashe mutane ɗungum daga bakin Tafkin Biktoriya, shi ne kuwa aka kawo Gwamnan Nijeriya ta Arewa cikin 1909. Amma a Arewa ba a farga da girman abin ba sai wajen 1930, sa'ad da aka kafa ƙungiyar likitocin ciwon barci wadda Dokta H. M. O. Lester ya shugabanta. Suka riƙa bi gari gari, a jera mutane, a lalluba wuyan kowa, wanda aka ji masa kaluluwa a tsotsi ruwanta da allura a duba a madubin likita. Daga 1931 zuwa 1940 sun duba fiye da mutum miliyan 3, suka sami fiye da 300,000 da cutar. A waɗansu ƙauyukan ƙasar Ancau kusan mutum ɗaya cikin uku aka samu.

Aka yi ta allura, mutane suna warkewa. Amma wanda aka warkar yau, gobe rafin nan dai zai koma, ƙudan nan dai zai iske. Likitoci suka ga ɗiban ruwa da kwando a ke yi, sai fa an kori ƙudan. Korarsa kuwa ba wuya a faɗe: a sare sarƙaƙiya da ƙananan itatuwa masu rassa ƙasa ƙasa a bakin rafi, a bar dogaye masu miƙaƙƙen jiki, rana da iska su shiga su ƙarasa aikin. Wuyar ita ce daji ba ya saruwa sau ɗaya. Kowace damina sai ya tofo, kowace shekara sai an koma an sassabe, ƙauye mai magidanta biyar kuwa ba shi da hannun da zai share rafi mai tsawon mil uku. Da aka yi lissafi sai aka ga in mutane ba su kai wajen 70 a murabba'in mil ba, ba za su iya riƙe rafukansu a share ba. To, ga matsala biyu masu gaba da juna a ƙasa guda. Cikin gari mutane sun yi yawa har suna cutar juna, a daji kuwa sun yi kaɗan har ƙuda ya fi ƙarfinsu. Aikin Ancau duka ƙoƙari ne na sassauta na cikin gari da tattara na daji.

Cikin 1937, shekarar da Malam Ja'afaru ɗan Isiyaku ya hau sarautar Zazzau, Gwamnatin Ingila ta ba da fam 95,000 daga asusun raya ƙasashen da ke ƙarƙashinta, a kashe cikin shekara biyar wajen yaƙi da ciwon barci. Wanda aka danƙa wa aikin Ancau shi ne Dokta T. A. M. Nash. Shi ba likitan mutane ba ne, masanin ƙwari ne. Ya yi shekaru a Gadau ta ƙasar Katagum yana bin tsando yana koyon halinsa, kafin nan kuma ya yi irin wannan aiki a Tanganyika. Abin lura ne a ce wanda ya jagoranci zana wa Hausawa gari, abin da ya fi sani a duniya shi ne inda ƙuda ke so da inda ba ya so. Wannan kuwa ya bayyana a kowane layi na garin.

Aka keɓe wani yanki mai tsawon wajen mil 70 da faɗin wajen mil 10, watau kimanin murabba'in mil 700, aka ƙudura a raba shi da tsando ƙaƙaf. Aka share bakin rafuka fiye da mil 500. Inda rafi ya fita daga yankin kuwa aka yi masa ƙwal tazara mai tsawo, don kada ƙudan waje ya biyo inuwa ya komo. Mutanen da ke warwatse a gefe, wajen 5,000 daga ƙauyuka fiye da 40, aka taso su aka zaunar cikin sababbin ƙauyuka 16. Kafin a ta da mutane sai an ƙidaya su, an auna gonar da su ke nomawa da wadda suka bari ta huta, an duba ƙasar sabon wuri da ruwansa. Yaƙin Duniya na Biyu ya faɗo cikin 1939 aiki bai yi nisa ba, ma'aikata suka ragu, sumunti da ƙarfe suka yi wuya, abin da aka shirya wa shekara biyar ya zarce haka da shekaru. An ƙiyasta mutanen da aikin ya shafa duka sun kai 60,000.

Takalafiya ita ce uwar waɗannan ƙauyuka, ita aka yi don ta ɗebe wa Ancau nauyi. Abin da mai duba zanenta zai fara lura da shi, ba ta da ganuwa, ba ta da ƙofa. Hanyoyinta miƙaƙƙu ne masu faɗin gaske, suna gicciye da juna kamar gidajen dara, gidaje kuwa a jere tsakaninsu. Wanda ya saba da lungu zai ga faɗin nan kamar ɓarnar fili, tun da a lokacin ba abin da ke bi sai jaki da mai tallan fura. Amma ba don mota aka yi su ba. Hanya mai faɗi gobara ba ta tsallake ta da sauƙi, iska tana ratsa ta, rana tana busar da ita, duba-gari kuma in ya tsaya a wannan kai yana hango wancan. Aka dasa itatuwan inuwa da na marmari a gefen hanyoyin daki daki, ba a cunkushe ba, gama duhuwa ita ce abin gudu.

Cikin gida kuwa ba a rushe tsarin da Bahaushe ya gada ba, nan ne ma masu aikin suka fi yin hankali. Zaure yana nan bakin hanya, inda maigida ke karɓar baƙi, ya yi saƙa ko ɗinki ko karatu, bayansa a karkata a shiga cikin gida yadda idon mai wucewa ba zai faɗa kan mata ba. Ɗakunan na ƙasa ne da jinka, irin waɗanda kowane maginin ƙauye ya iya. A kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, a mulmula tubali da hannu a shanya, a jera shi tsininsa sama, a shafe da laka. A ɗaura tsaiko a ƙasa, a baibaye shi da shuci, sa'an nan maza su taru su ɗaga su ɗora. Amfanin haka a fili ya ke, in bango ya tsage ko jinka ta yi yoyo, mai gida ba ya jiran kowa daga Zariya. Abin da aka sake shi ne tazara. Aka bar fili tsakanin ɗaki da ɗaki, da tsakanin gida da gida, aka ware wa salga kusurwarta nesa da ruwan sha, aka hana kududdufi ya sake haihuwa a tsakiyar mutane.

Sai rijiya, wadda ita ce ginin da ya fi kowanne daraja a garin, ko da ya ke yawancinta a ƙarƙashin ƙasa ya ke. Rijiyar da aka saba da ita rami ce kawai, bakinta daidai da ƙasa, an gitta itace. Ruwan da ya zube a ƙafar mai ja, da abin da guga ya kwaso a ƙasa, duk ciki su ke komawa. Ta irin wannan hanya kurkunu ke yawo. Ruwa ya bi ta kan ƙafar mai kurkunu ya koma, tsutsar ta zuba 'ya'yanta, wani ya sha, bayan kamar shekara guda ta fito masa, sau da yawa daidai lokacin noma, ya kwanta gona ta lalace. Sababbin rijiyoyin an ɗaure su da sumunti, an ta da bakinsu sama, an yi musu daɓe yadda ruwan da ya zube zai gudu waje. Ba na gidan kowa ba ne, na jama'a ne, a sarari. Ban da su aka yi kasuwa mai rumfuna a jere, da mahauta, da makarantar elementare, da ɗakin shan magani. Tsohon gari kuma, da aka ɗebe masa mutane ɗaruruwa, aka fasa hanyoyi ta cikinsa, aka cike ramuka, ya sami numfashi.

Wanda ya je neman gwanintar gini irin ta birni ba a nan zai same ta ba. A Zariya ne Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina Masallacin Juma'a zamanin Sarki Abdulkarimu, da bakan gizonsa na azara da ƙasa wanda masana gini daga ƙasashe masu nisa suka zo suka auna suka rubuta. Zanen Takalafiya bai kula da bakan gizo ko zanko ko adon fuskar zaure ba. Gwanintarsa tana cikin abin da aka bari ba a gina ba. Tsohon gari ya tsare kansa da bango, sabon ya tsare kansa da fili. Faɗin hanya da tazarar ɗaki da sassaben bakin rafi su ne ganuwarsa, gama abokan gaban da aka yi shi dominsu, watau wuta da ƙuda da ƙazanta, bango ba ya tare su.

Ba a ce Turawa ne suka fara kafa gari da niyya a ƙasar Hausa ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa garuruwan ribaɗi a bakin iyaka ya zaunar da mutane cikinsu, shi kansa a ribaɗinsa na Wurno ya rasu cikin 1837, shekara 100 cif kafin a fara aikin Ancau. A Ingila ma, inda masu aikin suka fito, an daɗe ana yi. Wani mai masaƙa, Titus Salt, ya ga yadda cunkoso da hayaƙi da kwalara ke cin ma'aikata a birnin Bradford, ya fita bayan gari cikin 1851 ya fara gina masaƙa da ƙauye mai miƙaƙƙun hanyoyi, aka sa masa suna Saltaire. Cikin 2001 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya, saboda tsarin ƙauyen gaba ɗaya.

Amma misalin da ya fi kusa, a zamani da kuma a jini, yana arewa. Wanda ya tashi daga Katsina ya bi ta Jibiya, ya ƙetare iyaka a Magama ya shiga Nijar ta Ɗan Isa, zai iske Maraɗi a kan tudu, da miƙaƙƙun hanyoyi da babban fili a ƙofar fadar Sarki. Da ba nan garin ya ke ba. Katsinawan da suka bar birninsu bayan jihadi a kwari suka zauna, bakin gulbi, cikin duhuwar itatuwa inda dawakin abokan gaba ba su sakewa. Gulbin nan kuwa daga ƙasar Katsina ya ke gangarowa, shi ne ya ratsa ta Jibiya. Cikin 1945 ya yi ambaliya ya ci garin, Faransawa suka hau da mutane tudu suka yanka musu filaye da igiya. Mutane suka hau da sunayen unguwanninsu, Bagalam da Maradawa da Limanci da sauransu, suka sauke su a kan sababbin layuka. Sai dai mutumin Maraɗi ba ya bukatar a gaya masa dalilin ƙaura, ya ga ruwa a tsakar ɗakinsa da idonsa. Mutumin Ancau kuwa ce masa aka yi ƙuda ne.

Nan ne aikin ya sami tangarɗa. An ɗora wa hakimi da dagatai su fid da mutane kowace shekara a sassabe bakin rafi, aikin gayya. Irin wannan ba baƙo ba ne, kakanninsu haka su ke fita gyaran ganuwa bayan damina, kowace unguwa da rabonta. Amma mai gyaran ganuwa ya san Baningi, watakila ma ya taɓa ɗauke masa ɗan'uwa. Mai sassabe fa? An ce masa ɗan ƙudan da ya cije shi bara, wanda ya kora da hannu ya manta, shi ne sanadin barcin da zai kama shi baɗi. Tsakanin cizo da ciwo akwai watanni, wani kuma an cije shi sau ɗari bai kamu ba, domin ba kowane tsando ke ɗauke da cutar ba. Ga shi kuma mutane da yawa sun ɗauka kurmi mazaunin iskoki ne, mai sare shi yana jawo wa kansa abin da ya fi ciwon barci. Wajen shekara 20 bayan fara aikin, wani malami daga Jami'ar Mishigan ta Amurka, Horace Miner, ya zo ya zauna ya yi tambaye-tambaye, ya buga abin da ya gano cikin 1960. Ya iske ana fita sassabe, amma don an ce a fita ne daga sama. Galibin masu yi ba su gaskata akwai wata alaƙa tsakanin tsando da ciwon ba.

Ba daidai ba ne a jibga wa talakawa laifin wannan. Masu aikin sun sami gajeriyar hanya, watau maganar Sarki ta bakin hakimi da dagaci, hanyar kuwa ta yi musu aiki ƙwarai har bukatar shawo kan mutane ta yi musu sauƙi a ido. Kuma abin da a takarda a ke kira ƙaura daga ƙauye kaza zuwa ƙauye kaza, ga mai shi barin gonar gado ne wadda ya yi shekaru yana zuba wa taki, da kaburburan iyaye, da ɗorawar da ya san ranar da ta ke nuna. Rijiya dai ba ta bukaci wa'azi ba, matar da ta huta da tafiyar rafi ta san amfaninta tun ranar fari. Haka kasuwa. Abin da ya fi wuyar riƙewa shi ne filin da aka ce a bari haka kawai. Zane ya kan ƙidaya mutanen gida a rana guda, gidan Bahaushe kuwa ba ya tsayawa inda aka ƙidaya shi. Ɗa zai yi aure, a al'adar gandu kuwa cikin gidan ubansa za a yi masa ɗaki, ba inda za a aza shi sai cikin tazarar nan da masanin ƙwari ya auna. Hanya ce kaɗai ke da mai tsaronta, domin ta kowa ce, wanda ya ci ta maƙwabta za su gani.

Cikin 1948 aka buga rahoton Nash a Landan, sunan Ancau ya shiga littattafan masu nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi. Shi kansa daga baya ya shugabanci cibiyar binciken cutar tsando da aka kafa a Kaduna. Amma ba a sake yin wani aiki irin wannan da girmansa don ciwon barci a Arewa ba, gama ya ci kuɗi da ma'aikata da yawa, ga kuma sababbin magunguna da feshin maganin ƙwari sun shigo cikin shekarun 1950, suna yin aikin ba tare da an ta da kowa daga gidansa ba. Abin da ya ƙarasa tsando a yawancin ƙasar Hausa kuwa ba ya cikin zanen kowa. Jama'a ce ta yawaita, ta wuce 70 ɗin nan nesa ba kusa ba, gonaki suka kai har bakin ruwa, masu rake da masu lambu suka cinye kurmin da aka yi ta fama a sare, ba da umarnin kowa ba. Cikin 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya ta rabu da kurkunu, cikin 2018 kuma masu ciwon barci da aka samu a duniya duka suka kasa kai 1,000.

Ancau ce hedkwatar ƙaramar hukumar Kubau. Kwano ya kori jinka, bulo yana korar tubali, kamar yadda ya ke a sauran garuruwa. Mutanen wurin suna rarrabewa a magana, su ce Ancau Gari, su ce Ancau Takalafiya. Ran Talata kasuwa ke ci, masu sayen hatsi su zo daga nesa, manyan motoci su shigo ta hanyoyin nan da aka faɗaɗa don gobara, su yi lodin masara da dawa su fita.